Muna Nan, Ba Mu Tafi Ba

Mushe Sanda ya cuce ni. Ya kama sunana da sunan uwata ya faɗa a tele, Damagaram duka tana kallo, ya ce ni na kayar da abokina Manzo a gasar waƙa. Daga ranar ban ƙara kwana a ƙauyenmu ba. Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ce tsohon mai ga-ruwa yana kewaye-kewaye.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne bana ma ruwa ya ƙi. Muna cikin watan da ya kamata gero ya kai gwiwa, amma ko shuka ba ta tsaya ba. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, baƙi ƙirin, iska ta kwashe wa mutane kwanon rufi, sai ya watse ba ɗigo ɗaya. Duwatsun Birni sun yi zafi, ƙadangare ma ba ya hawa. Fampon unguwarmu yana yini yana huci, ba ruwa. Mutanen ƙauye sun fara shigowa gari da ƙullin kaya a ka, mata na jan yara, ba mai magana. Na san wannan tafiyar, na yi ta.

Shekaranjiya bayan magariba na tsaya wurin mai shayi da kurata ta bido, wato jarkokin ruwa. Samari sun cika benci suna kallon wata gasar waƙa a tele. Wata yarinya ce jama'a suka zaɓa, juri, alƙalan gasar, suka kayar da ita. Wuri ya kaure.

"Wallahi sata ce!" in ji wani mai jar hula. "Mu muka yini muna tura mesaji a salula, sai wasu mutum uku masu ɗaure wuya su ce ba ta iya ba?"

"Kai dai ba ka san waƙa ba," in ji abokinsa. "Su karatunta suka yi."

"Karatun me? Kunne ake kai wa lakwal?"

Sai mai jar hula ya juyo gare ni. "Baba Lawali, raba mu. Juri ko jama'a?"

Na ajiye kofina da sauran shayi a ciki, na tura kurata na tafi. Na ji suna dariya, wai tsoho ya ji haushi an kayar da budurwarsa. Ban ga laifinsu ba. Ba a haife su ba lokacin.

Mu namu ya faru ne a shekarar babban fari, zamanin soja. Ina saurayi, a wani ƙauye gefen Dakusa. Na yi lakwal, makarantar boko, har aji biyar a Dakusa, na bari, don ubana ya rasu kuma gona ba ta jiran karatu. Wanda ya koya mini a aji na ƙarshe shi ne Mushe Sanda, mutumin Dogo, ɗan manoma kamar mu, sai dai shi ya samu ya wuce. Mushe muke ce wa malamin lakwal.

Shekarar mun yi binne tun bazara, muka zuba iri cikin busasshiyar ƙasa muna jiran sama. Aka yi yayyafi ɗaya, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi. Muka sake shuka, ta ƙone. Na uku, irin da ya rage a gindin rumbu muka share da tsintsiya muka zuba, iska ta zo da rairayi ta binne shi. Daga nan ba wanda ya ƙara duban gabas. Shanu suka fara kwanciya. Saniya in ta kwanta sai maza huɗu su ɗaga ta, ta tsaya tana rawa, gobe ta sake kwanciya. Ungulu sun ƙoshi har sun daina tashi in ka zo wucewa.

Muka koma kan anza. Wanda bai sani ba, 'ya'yan wani ɗan icce ne na daji, ɗaci kamar maɗaci. Sai a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, kwana da kwanaki, kafin ta ciwu. To ga shi ruwan ma rijiya ta ja shi ƙasa, guga na fitowa da laka. Uwata Hajara takan tashi tun asuba ta tafi haƙar gidan tururuwa, ta dawo da tsabar ciyawa cikin ɗan ƙoƙo, ta daka, ta dama mini, ta ce ita ta ci a hanya. Ban yarda ba, amma na sha. Ta rasu kafin damina ta fita, in har za a kira wannan damina.

Manzo maƙwabcinmu ne, ya girme ni kaɗan. Shi ne mai waƙar gayya a ƙauyenmu. Dole in yi bayanin wannan, in ba haka ba ba za a gane abin da aka yi mini ba. A wurinmu in an yi gayyar maimai, gero ya riga ya yi tsawo ya rufe mutum. Kana tura haiwarka, hauyar nan mai doguwar ƙota, a tsaye, kana jin na kusa da kai, amma ba ka ganinsa. Manzo yana biye da mu da ganga, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, da sunan uwa da kirari.

"Ina Lawali na Hajara, bahagon haiwa?"

Wanda aka kira shi ke fara amsawa, sauran su ɗauka:

"Muna nan, ba mu tafi ba!"

In aka kira mutum bai amsa ba, a ajiye haiwa a shiga nemansa, don ko maciji ne ko rana ta kayar da shi. In kuma mutum ya rasu, a gayyar farko Manzo zai kira sunansa sau ɗaya, kowa ya yi shiru, daga nan ba a sake kiransa har abada. Shiru na matattu ne. Yaro ma ya san wannan a ƙauyenmu. Mai rai ba a kiransa ya yi shiru.

Da muka binne uwata, Manzo ya ce, "Bahago, tashi mu shiga birni. Zama nan jiran layi ne." Ya bar tsohuwarsa, Iya Ladi, wurin ƙanensa, ya yi mata alkawarin zai dawo da iri kafin bazara. Gangar ya riga ya sayar. Muka taka a ƙafa har Damagaram.

Wani mahauci a Garin Malam ya ba mu zaure muna kwana. Muka samu garwa biyu da sanda, muka shiga ga-ruwa. Wanda bai yi ga-ruwa a Damagaram a shekarar ba, bai san ƙishirwa ba. Tun kafin kiran salla muke kai garwa layi. Rana ta fito, ta hau, ta take kai, fampo bai ce komai ba. In ya zo, siriri kamar zare, mata su hau faɗa, bokiti na tashi sama. Sanda ɗaya gare mu, don haka karɓa-karɓa muke yi: ni in ɗauka zuwa Birni, shi ya ɗauka zuwa Zango. Kafaɗata ta kumbura, ta fashe, ta yi kanta. Da rana garin rogo da ruwa, in an samu ƙuli-ƙuli a marmasa a kai. Da dare jar dawar taimako, wadda in ka ci cikinka ya yini yana ƙugi. In babu, aduwa. A tsotse ta, a fasa ƙwallon da dutse, a tara ƙwayar a dafa. Ba a yar da ƙwallon aduwa a shekarar.

Bayan mun ci abin da muka samu, Manzo yakan kifa garwa ɗaya a cinya ya riƙa bugawa da yatsu a hankali. Ya kira mutanen ƙauyenmu, ni kaɗai ina amsawa a madadin kowa. Wani lokaci ya tsokane ni.

"Ina Lawali na Hajara, mai kafaɗar jaki?"

"Ubanka ne jaki. Muna nan, ba mu tafi ba."

"Kai, Bahago, muryarka kamar ana jan guga a rijiyar da ta ƙafe. Da kai kaɗai ka rage a duniya da na bar waƙa."

Wannan zauren shi ne duk dangin da nake da su.

A lokacin akwai tele ta gwamnati a kowace unguwa, cikin akwatin ƙarfe bisa ginshiƙi, gaban gidan samariya, wato ƙungiyar samari. Ana buɗe ta bayan magariba. Mutane su zo da tabarmi, masu yunwa da masu ƙoshi, don kallo ba ya cin komai. Nan muka ji sanarwar gasar waƙa ta jiha. Kowane mako masu tele za su ɗauki mawaƙa a babban ɗakin taro, a nuna. Hukunci kashi biyu ne, rabi na juri, rabi na jama'a. Zaɓen jama'a kuwa, an jera ƙore gaban tele, kowane mawaƙi da tasa, kowa ya jefa abu ɗaya cikin ƙwaryar wanda yake so, sarkin samari na tsaye kada a jefa biyu. Da farko tsakuwa aka ce. Yara suka riƙa cika ƙore da tsakuwa don wasa, sai aka ce ƙwallon aduwa, tunda shi ba mai zubar da shi a banza. Wanda ya ci gasar za a kai shi Yamai, kuma a ba shi buhunan gero.

Gero. Manzo ya dube ni, na dube shi.

Dama ya fara maganar arewa. Akwai manyan motoci da ke tashi daga tasha zuwa Agadas, daga can a ratsa hamada a shiga Libiya. Samari na hawa bisa kaya kamar fara. Kullum in muka wuce tasha da garwa sai ya rage tafiya yana kallo. Ranar da ya ba da sunansa a gasar ya gaya mini ƙarara:

"In na ci, mu koma gida da iri, ni da kai, mu ba kowa ya shuka. In na faɗi, ba zan iya duban idon Iya hannu wofi ba. Mota zan hau."

"Ni fa?"

"Kai ka yi lakwal, za ka rayu a birni."

Aji biyar ɗin nan yake kira lakwal.

Akwai doka guda: mawaƙi shi kaɗai zai yi, da abin kiɗansa, ba 'yan amshi. Wai don kada masu ƙungiya su danne marasa ita. Manzo ya ce wannan kamar a ce ka yi tafi da hannu ɗaya ne, amma ya bi. Yakan kira, sai ya cike gurbin amshin da bugun garwa. Ya bar sunayen mutane ya koma kiran garuruwa, tunda birni ya cika da 'yan gudun yunwa daga ko'ina. "Ina Mirriya mai lambu? Ina Dogo mai gyaɗa?" Sai garwa ta amsa, kwam kwam kwam. A ɗakin taro ba mai cewa uffan, jandarma na tsaye a ƙofa. Amma in aka nuna a unguwa, kai! Tsofaffin da suka yini ba su ɗaga kai ba sai ka ji sun amsa wa akwatin ƙarfe. Na ga wata mata daga wajen Mirriya ta tsotse aduwarta, ta dubi ƙwallon, ta dubi ɗanta, ta tashi ta jefa a ƙwaryar Manzo. Mako bayan mako tasa ce ke cika har a kawo ta biyu.

Juri ba su so shi sosai ba, amma ba su kayar da shi ba. Su uku ne, shugabansu Mushe Sanda, wanda a lokacin an ɗauke shi daga aji an ba shi ofis a birni. Su hankalinsu na kan wani yaro mai gita, ɗan Sabon Gari, mai waƙar dashen itace da haɗin kai. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da murya. Sai dai in ya gama ba abin da ke rage maka a ƙirji.

Aka zo ranar ƙarshe. An yi ta da la'asar, rana na dukan kwanon ɗakin, mutane cike har tagogi, waɗanda ba su samu shiga ba suna tsakar fili. Manyan gari da masu kaki a layin gaba. Ni ba ni da rigar shiga irin wannan wuri. Abin da ya shigar da ni, ni na kawo ruwan da aka cika randar ɗakin, sai mai kula da wurin ya ba ni buta ya ce in tsaya bayan teburin juri, in kofi ya yi ƙasa in ƙara. Har da ƙanƙara a ciki. Na yini a layin fampo ban sha ba, ga ƙanƙara tana narkewa a gabana, gumin kofi na jiƙa farin ƙyallen tebur. Mushe Sanda ya ɗago ya gan ni.

"A'a, Lawali? Nan ka ƙare?"

"Nan, Mushe."

Ya girgiza kai ya miƙo kofi.

Mai gita ya yi, aka tafa. Wata mata ta yi, aka tafa. Manzo ya fito da rigar aro ta mahauci, ta yi masa yawa, wuyansa kamar sanda a ciki. Ya zauna a ƙasa, ya kifa garwarmu, wadda na san duk lotsawar da ke jikinta. Ya fara da garuruwa kamar kullum, garwa na amsawa. Sai ya sauke murya. Ya bar garuruwa ya shiga ƙauyenmu.

"Ina Tanko na Mariya, mai saniya ja?"

Bai buga garwa ba. Ya bar wurin fayau. Tanko ya rasu tun farkon fari.

"Ina Bulama Garba, mai rumbu bakwai?"

Shiru.

"Ina Hajara, mai damun asuba?"

Ba a yi gayya ba a shekarar, ba a kira matattunmu ba, sai ranar. Mutanen birni ba su gane ba, suna tsammanin salo ne. Mutanen ƙauye da ke tagogi sun gane. Ba ka jin ko tari.

Sai ya ɗago kai, ya dubi bayan teburin juri, ya ɗaga murya yadda yake yi in gero ya rufe mu:

"Ina Lawali na Hajara, bahagon haiwa?"

Ya ɗauke hannunsa daga garwa ya jira.

To ku gaya mini. An kira uwata an yi shiru, an kira ni a bayanta. In yi shiru in bi ta? Ban yi shawara da kowa ba, bakina ne ya buɗe.

"Muna nan, ba mu tafi ba!"

Da wannan muryar tawa ta jan guga. Kafin in rufe baki tagogi sun ɗauka, fili ya ɗauka. Manzo ya miƙe tsaye da garwa a hammata. "Ina Dakusa?" Ɗaki ya amsa. "Ina Mirriya?" Kwano ya yi ƙara. "Ina Dogo mai gyaɗa?" Mata na guɗa, tsofaffi na kuka, wani jandarma a ƙofa ya cire hularsa yana share fuska. Tunda nake ban taɓa jin mayunwata sun yi ƙara irin wannan ba. Masu kaki na layin gaba kuwa ba wanda ya motsa.

Ranar nan wurin aka jera ƙore. Da aka zo jefa ƙwallo, ƙwaryar Manzo ta cika, aka kawo ta biyu ta cika, aka kawo kwando.

Juri suka shiga wani ɗaki. Wani mai kaki ya bi su. Suka daɗe. Da suka fito Mushe Sanda ya tsaya gaban mikro, fitilar masu tele a fuskarsa. Ya fara da Faransanci, sannan ya juya da Hausa don kowa ya ji. Ya ce doka ta hana amshi, kuma an yi amshi, don haka an fitar da Manzo daga gasar, ba za a ma ƙirga ƙwaryarsa ba. Wuri ya ɗauki ihu. Ya ɗaga hannu. Da ya tsaya nan, da na ce doka ce, na haɗiye. Amma bai tsaya ba.

"Jama'a, laifin ba na mawaƙin ba ne, kuma ba na juri ba ne. Mutum ɗaya ya ɓata masa. Ga shi nan bayana. Lawali na Hajara, ɗan wajen Dakusa. Na san shi, ɗalibina ne, tun a lakwal ba ya jin magana. Shi ya cire wa abokinsa gero daga baki."

Mai ɗaukar hoto ya juyo da na'urarsa kaina. Ina tsaye da buta.

Aka zazzage ƙoren Manzo da kwandon a tsakar fili. Mata suka durƙusa suna tsince ƙwallayen cikin zane. Ban ga laifinsu ba, abinci ne.

Da aka nuna a tele an yanke waƙar, daga inda ya fara kiran matattu har ƙarshe. Amma ba a yanke maganar Mushe ba, ba a yanke fuskata ba. Wanda bai je wurin ba bai ji an kira ni ba. Abin da ya gani kawai, wani sakarai da buta wanda ya yi ihu ya jawo wa abokinsa asara. A layin fampo mata suka sa mini suna Mai Amshi. Wani gida a Birni da nake kai wa ruwa suka ce in bari.

Manzo bai zarge ni ba, wannan na faɗa don Allah. Daren gasar a zaure ya ce, "Ni na kira ka, Bahago. Na gaji da garwa tana amsa mini." Ya yi dariya kaɗan. "Amma wallahi muryarka ba ta gyaru ba." Na roƙe shi ya zauna, na ce mu tara abin da muka samu mu sayi ko tiya biyu ta iri. Ya ce tiya biyu ba ita ya yi wa Iya alkawari ba. Da safe na raka shi tasha. Ya hau can ƙololuwar kaya, ya ɗaure bidonsa a gefe, ya naɗe fuska da rawani. Ya bar mini garwar da sandar. Motar ta tashi. Na jira ya kira ni daga sama, ko da wasa. Injin ya fi ƙarfin komai, ban sani ba ko ya kira.

Ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Har yau.

Shekara ta zagayo aka yi ruwa. Daren farko na fito tsakar titi na tsaya, ƙamshin ƙasa ya shiga hancina har na ji jiri. Da lokacin maimai ya yi na hau motar Dakusa da 'yar tsarabata. Na tarar ana gayya a gonar bulama, gero kore shar, ya rufe mutane. Ƙanen Manzo ne ke riƙe da ganga. Na ɗauki haiwa na shiga layi ba wanda ya ce mini sannu. Ya kira na damana, ya amsa. Ya tsallake ni ya kira na haguna. Aka kai ƙarshen gona aka juyo, ya sake tsallake ni. Manzo ma ba a kira shi ba, Iya Ladi ta hana, don ba ta san ko a amsa ko a yi shiru ba.

Na je gaishe ta. Tana zaune bakin ɗaki tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Iya, ina wuni."

"An ce an gan ka a tele."

"Iya, shi ya kira ni."

"Mushe ya faɗa, kowa ya ji. Mai ilimi zai yi maka ƙarya? Ɗauki tsarabarka, Lawali. Ka ci, kai da ke da baki."

Kafin magariba ina kan hanyar birni. Na yi aure daga baya, bai daɗe ba. Na bar zauren mahauci na kama ɗaki. Sanda ta koma kura, garwa ta koma bido. Tsohuwar garwar tana nan ƙarƙashin gadona, ta yi tsatsa, ban iya buga ta ba. Mushe Sanda kuwa ba a jima ba aka ɗaga shi zuwa Yamai. Shekaru ina jin sunansa a rediyo.

Jiya aka fita roƙon ruwa a filin idi. Gari duka, da yara da dabbobi, maza sun juya rigunansu bai-bai. Liman ya yi addu'a har muryarsa ta dushe, sama fes, ko gajimare babu. Da aka watse na hango wani tsoho zaune gindin itacen bedi, da sanda da tabarau mai kauri, yana jiran abin hawa. An gaya mini ya yi ritaya ya dawo, ban taɓa cin karo da shi ba sai jiya. Ya rame, rigarsa a juye kamar ta kowa. Na je na tsaya a gabansa na tare masa rana.

"Mushe, ina wuni."

"Lafiya lau. Wa ke nan? Idon ya yi rauni."

"Lawali na Hajara."

Hannunsa ya matse kan sandar.

"Na wajen Dakusa?"

"Shi. Wanda ba ya jin magana tun a lakwal."

"Kai, Lawali. Wannan tsohuwar magana, a ranar roƙon ruwa?" Ya sauke numfashi. "Zauna mana."

"A tsaye ka bar ni, a tsaye zan yi."

"Ba ka san abin da ya faru a ɗakin can ba. Ana cewa ba yunwa a ƙasa, shi ya zo yana jera matattu gaban masu kaki. Suna so a ba su mutum. In ban ce laifin wani ne ba, Manzo za su ɗauka. Na duba, na gan ka, na ce ba wanda zai kama mai ga-ruwa."

"Da an kama ni, Mushe, da tuni an sake ni."

Wani mai babur ya tsaya, ya ga fuskata, ya wuce. Na sunkuya daidai kunnensa, yadda na sunkuya ranar ina zuba masa ruwa, na gaya masa abin da na riƙe tun ina saurayi:

"Ban zo neman haƙuri ba, ba ni da inda zan kai shi. Na zo ka san akwai wanda ya ji ka. Ina bayanka da buta lokacin da ya kira Dogo. Ka ɗaga kofi ka rufe bakinka, amma na ji. Kai ma ka amsa, Mushe. Mu duka a ɗakin nan mun ce muna nan, ba mu tafi ba. Manzo ya tafi hamada, kai ka tafi Yamai. Ni da ka nuna wa duniya, ni kaɗai na faɗi gaskiya. Ga ni nan. Ba wanda ya ƙara kirana, amma ban tafi ba."